Na haddace darasin juyin halitta, amma na faɗi gwaji

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a shekarar farko a jami'a, burina in zama likita. Duk sassan bayoloji ina jin daɗinsu, amma tun da muka shiga juyin halitta, da yadda sabon jinsi ke samuwa, da ilimin muhalli, kaina ya kulle. Na haddace ma'anoni kaf, amma a gwajin da aka yi mana na faɗi warwas. Tambayar da ta fi maki ita ce a bayyana yadda bakteriya ke daina jin magani. Na rubuta cewa sabawa suke yi da maganin har su koyi jure shi. Malamin ya ja jan biro a kai, ko maki ɗaya bai ba ni ba. Ga kuma wata ƙawata da ke cewa karatun nan yana koyar da cewa mutum daga biri ya fito, wanda duk ya rubuta shi a takarda ya taɓa imaninsa. Yanzu ko littafin na buɗe sai gabana ya faɗi. Saura sati 5 jarrabawa. In haƙura da kwas ɗin ne?

Ɗaliba mai damuwa

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki haƙura. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya kwantar min da hankali shi ne kin kawo min ainihin jimlar da ta kayar da ke. Ɗalibai da yawa sai dai su ce "ba na ganewa" su yi shiru, a rasa inda za a kama. Ke kuwa kin nuna wurin da ciwon yake, kuma gyaransa ba zai ci sati 5 ba.

Mu fara da bakteriyar nan. Ki ɗauka akwai miliyoyinsu a jikin marar lafiya. Duk sadda ɗaya za ta rabe gida biyu sai ta kwafi DNA ɗinta, wato bayanan gadon da ke cikinta, kwafin nan kuwa jefi-jefi yakan zo da kuskure. Yawancin kurakuran ba sa amfanar komai, wasu ma cutar da mai su suke yi. Amma a cikin wannan tarin yawa akan dace da 'yan ƙalilan da kuskurensu ya sa magani ba ya kama su da kyau. Ki lura, suna nan tun kafin a sha ƙwaya ta farko. Magani ya zo ya share sauran, ya bar su da fili da abinci babu mai ja da su. Irin su E. coli, in wuri ya yi musu daɗi, cikin kamar minti 20 suke ninkuwa, saboda haka kafin a ankara jikokin waɗanda suka tsira sun cika ko'ina. Babu bakteriya ko ɗaya da ta koyi wani abu. Masu jin magani sun mutu, marasa ji sun hayayyafa, sai yawan kowane ɓangare ya sauya. Salvador Luria da Max Delbrück sun nuna hakan a 1943, lokacin da suka gwada bakteriya da wani bairos mai kashe su, suka gano cewa sauyin da ke ba su kariya yana aukuwa ne tun ba su haɗu da shi ba. Bakteriya kuma suna iya miƙa wa junansu ƙwayoyin gadon jurewa, abin da ke ƙara wa lamarin sauri. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, maganin kashe bakteriya, a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai haifar da masu jure shi.

Amsar da kika rubuta tana da tarihi, kada ki ji kunyarta. Kusan ita ce ta Lamarck, babban masanin Faransa, wanda a 1809 ya ce dabba tana sauya jikinta da amfani ko rashin amfani, sannan ta gadar wa 'ya'yanta: raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya har wuyan ya yi tsawo. A shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi, da wuya in buɗe tarin takardun gwaji ban tarar da rabin ajin sun bi wannan hanya ba, domin ita ce ta fi saurin zuwa wa mutum a zuciya. Mu muna sabawa da zafi da sanyi da wahala, sai mu ɗauka haka halittu suke sauyawa. Abin da jan biron malaminki yake gaya miki shi ne: ɗaiɗaikun halitta suna rayuwa su mutu da gadon da suka zo da shi, al'ummarsu ce take sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. In kika riƙe wannan, kin riƙe kashi mafi girma na kwas ɗin.

Charles Darwin da Alfred Russel Wallace kowannensu ya isa ga wannan fahimta da kansa. An karanta takardunsu tare a Landan a 1858, littafin Darwin kuma ya fito a 1859. Dukansu biyu sun karanta Thomas Malthus, wanda ya yi rubutu a 1798 kan yadda haihuwa ke fin abinci saurin ƙaruwa. Hujjarsu gajera ce. 'Ya'yan jinsi ɗaya ba su zama ɗaya, kama da wane ba ta wane. Wani ɓangare na bambancin nan gadonsa ake yi, tun da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ana haifar fiye da waɗanda wuri zai iya ɗauka. To duk siffar da ta taimaki mai ita ya rayu ya bar zuriya, za ta ƙaru a zuriya mai zuwa. Shi ke nan zaɓin yanayi. Kowace tambaya aka yi miki a kai, ki nemi waɗannan a cikinta: ina bambancin, ana gadonsa, me yake kashe wasu ya bar wasu, yaya yawan ya koma daga baya.

Bari in nuna miki shi a kan wasu 'yan tsuntsaye, don gani ya kori ji. A tsibiran Galafagos akwai wani ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Daphne Major, inda miji da mata, Peter da Rosemary Grant, suka fara aiki a 1973. Suna kama tsuntsayen da ake kira finci ɗaya bayan ɗaya, su auna bakinsu, su saƙala musu zobe a ƙafa don su gane kowanne da iyayensa. A 1977 aka yi fari mai tsanani. Ƙananan 'ya'yan ciyayi masu taushi suka ƙare, ya rage sai manya masu tauri, irin na wani tsiro dangin tsidau mai ƙaya. Tsuntsu mai ƙaramin baki ya ɗauki ƙwallon ya juya ya juya ya kasa fasawa, ya yar. Sama da kashi 80 cikin 100 na wannan jinsi suka mutu. Da aka auna waɗanda suka rage, sai aka ga masu kaurin baki sun fi yawa, 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe kuma bakinsu ya fi na zuriyar baya kauri da kusan kashi 4 cikin 100. Bakin tsuntsu ko ɗaya bai ƙaru ba don yunwa. Ga kuma abin da nake so ki lura da shi sosai: a 1982 zuwa 1983 aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ƙananan iri suka yawaita, sai riba ta koma wajen masu ƙaramin baki. Zaɓin yanayi ba shi da wani wuri da ya nufa. Abin da ya yi amfani bana yana iya zama nauyi baɗi.

Shi ya sa kalmar "dacewa" take rikita ɗalibai. A wannan darasi ba ƙarfi ake nufi da ita ba, yawan zuriyar da halitta ta bari a muhallin da take ciki ake nufi. Ke da za ki zama likita, ga misalin da za ki yi ta haɗuwa da shi: sikila. Mai SS yana shan wahala ƙwarai, to me ya hana ƙwayar gadon S ɓacewa? A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a gabashin Afirka, cewa masu AS suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A inda zazzaɓin ke kashe yara, mai AS ya fi mai AA damar girma ya haihu, don haka S ta zauna daram duk da cutar da take jawowa idan AS biyu suka haɗu, inda kowane ciki ke da damar 1 cikin 4 ya zo da SS. Sauro, wanda yake cikin darasin muhalli, shi ne yake riƙe da wata ƙwayar gado a jinin ɗan Adam.

Lissafin Hardy da Weinberg na 1908 yana tsorata mutane a banza. Abin da yake cewa kawai: in al'umma tana da yawa ƙwarai, aure a cikinta ba zaɓe, babu shige da fice, babu sabon kuskuren kwafi, babu zaɓin yanayi, to yawan kowace ƙwayar gado zai tsaya yadda yake, p² + 2pq + q² = 1, inda p shi ne kason ƙwayar gado mai rinjaye, q kuma kason wadda ke ɓoyewa. Ma'auni ne, in kika ga al'umma ta kauce masa kin san ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya karye. Ki fara kullum da waɗanda ɓoyayyiyar siffa ta fito a jikinsu, wato waɗanda suka gaje ta daga uwa da uba, don su kaɗai kike da tabbacin abin da suke ɗauke da shi. A ce a tambaya an ba ki cewa su ne 4 cikin 100. To q² shi ne 0.04, q ya zama 0.2, p ya zama 0.8, masu ɗauke da ita a ɓoye kuma 2pq, wato 0.32, mutum 32 cikin 100. Ki yi irin wannan guda goma da hannunki, ya wuce miki har abada.

Akwai kuma sauyin da sa'a kawai ke kawowa, wanda ya fi ƙarfi a ƙaramar al'umma. Wannan kada ki haddace shi, ki yi shi. Ki samo maɓallai farare da baƙaƙe, ki zuba 10 na kowanne a jaka. Ki rufe ido ki ɗebo 10, su ne suka haihu, sauran ki ajiye gefe. Kowanne da kika ɗebo ki ƙara masa irinsa ɗaya, su koma 20, ki rubuta farare nawa baƙaƙe nawa, ki mayar jaka ki sake. Ki yi ta yi, za ki ga adadin yana tangaɗi, kuma in kika daure wani launi zai ƙare gaba ɗaya ba tare da ya yi laifin komai ba. Daga nan ki baza su a kan baƙin ƙyalle, ki ba wani daƙiƙa 5 ya tsince iya abin da idonsa ya gani, ki ninka waɗanda suka rage. Nan za ki ga baƙaƙen suna rinjaye kusan kowane zagaye. Na farko sa'a ce, na biyu zaɓi ne, kuma hannunki ya san bambancinsu.

Batun samuwar sabon jinsi, ki fara da alfadari. Doki yana da kuromosom (ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 64, jaki 62, ɗansu alfadari 63, kuma kusan kullum ba ya haihuwa. Gadon doki da na jaki sun haɗu a jikinsa sun tsaya nan, ba su wuce gaba. Wannan ne ya sa ake lissafa su jinsi biyu bisa ma'anar da Ernst Mayr ya yaɗa a 1942: jinsi ɗaya su ne waɗanda za su iya barbarar juna a dawa su haifi zuriya mai haihuwa. Katangar da ke raba jinsi da jinsi wani lokaci tana gaban barbara, kamar bambancin lokacin haihuwa ko kukan neman mace ko wurin zama, wani lokaci tana bayanta, kamar ta alfadari. Tambayar gaba ɗaya ita ce yaya katangar ta ginu. Hanyar da aka fi sani ita ce rabuwar wuri. Kimanin shekara miliyan 3 da suka wuce ƙasar Fanama ta gama tasowa ta raba teku biyu, ta raba wasu ƙananan jatan lande gida biyu. Kowane ɓangare ya ci gaba da tara nasa kurakuran kwafi, yana fuskantar nasa zaɓin da tasa sa'ar. Yau in aka haɗa namiji daga wannan gefe da mace daga wancan a ruwa ɗaya, kamanninsu kusan ɗaya, amma yawanci faɗa suke yi maimakon barbara. Ana kuma iya fara rabuwa a wuri ɗaya, kamar wani ƙuda a Amurka da wani sashensa ya koma yin ƙwai a tuffa a ƙarni na 19, har lokacin fitowarsa ya sha bamban da na 'yan'uwansa da suka zauna a bishiyarsu ta asali. Ki san kuma cewa ma'anar Mayr ba ta aiki a kan bakteriya, da ba sa barbara, ko a kan ƙasusuwan da aka tono. Malamai suna son wannan tambayar.

Ilimin muhalli ɗalibai kan ɗauke shi kamar wani kwas dabam da aka liƙa a ƙarshen littafi, alhali daga nan ne duk matsin da ke zaɓar halittu yake fitowa: fari, sauro, magani, mai farauta, abokin takara. Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka ya haɗa miki duka ukun: zaɓin yanayi, samuwar jinsi da muhalli. A da, a cikinsa akwai kifaye dangin karfasa kimanin jinsi 500, wasu na kankare gansakukar jikin dutse, wasu na fasa dodon koɗi, wasu na cin ƙwari, kowanne da sana'arsa, kuma a yawancinsu mace da launin namiji take gane nata. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a tafkin. Zuwa shekarun 1980 ya yi yawa ya hau cinsu, har ana ƙiyasin kusan jinsi 200 sun ɓace. Ruwan kuma ya gurɓace da dattin da ke gangarowa daga gonaki da garuruwa, ya yi duhu, sai bincike ya nuna cewa inda mace ba ta ganin launi da kyau, jinsunan da suka rabu suna komawa suna cakuɗewa. Duhun ruwa kawai ya isa ya rushe katangar da ke tsakanin jinsi biyu. Duk sadda na karanta wannan labari sai ya taɓa min zuciya, don asarar da aka yi cikin 'yan shekaru ba mai iya mayar da ita.

Sauran sashen muhallin ba zai ba ki wuya ba. Makamashi yana shigowa daga rana ta hanyar tsirrai, kuma kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke hawa daga mataki zuwa na sama, aikin da ake dangantawa da Raymond Lindeman a 1942. In ciyawa ta tara 10,000, barewa ta samu 1,000, zaki 100, shi ya sa zakuna ba su kai barewa yawa ba. Sinadarai irin su kabon da naitirojin suna zagayawa su dawo, makamashi kuwa tafiya ɗaya yake yi, ya ƙare a zafi. Kowane wuri kuma yana da iyakar abin da zai ɗauka. A 1944 an saki wasu barewar ƙasashen sanyi 29 a tsibirin St. Matthew na Alaska, inda babu mai cinsu. A 1963 sun kai wajen 6,000, sun cinye abincinsu, sai hunturu mai tsanani ya zo. A 1966 guda 42 aka samu da rai.

Yanzu maganar ƙawarki, wadda na san ita ce ta fi hana ki barci. Ba zan ɓoye miki abin da littafin yake cewa ba. Bai ce biri ya haifi mutum ba, bai ce birran da kike gani yau kakanninmu ba ne. Abin da masana bayoloji suke cewa shi ne mutum da cimfanzi, wani irin babban biri, sun yi tarayya a kakanni da suka rayu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kuma suna kafa hujja da ƙasusuwa da kamannin DNA. Wannan shi ne matsayin ilimin, kuma ya kamata ki san shi yadda yake, da hujjojinsa, kada ki karɓe shi a gurguje daga bakin wanda bai karanta ba. Takardar jarrabawa tana tambayarki me wannan ilimi ya ce, da wace hujja. Kawo bayanin abu daidai amana ce ta ɗalibi. Yadda za ki daidaita batun asalin ɗan Adam da aƙidarki kuwa tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba, kuma ba ni ce mai ba da fatawa a kanta ba. Ki kai ta wajen malamin addini da kika amince da iliminsa da natsuwarsa, ki je masa da abin da littafin ya faɗa da gaske. Masu imani da yawa sun yi aiki a wannan fage. Gregor Mendel, wanda ya fitar da ƙa'idojin gado a 1866, limamin coci ne. Jahiz, malamin Basra na ƙarni na 9, ya cika Kitabul Hayawan da lura kan yadda dabbobi ke cin juna da dabarun da kowace ke bi ta tsira. Kuma ki duba misalan da na kawo miki: bakteriya, bakin tsuntsu, sikila, kifin tafki. Duk an auna su, wasu ma za ki gan su a gadon asibiti. Likitar da ba ta gane dalilin da magani ke daina aiki ba, marasa lafiyarta ne za su biya.

Ƙawarki kada ki yi faɗa da ita, da alama tsoron da take ji don ke take jinsa. Ki gayyace ta ta zama mai tsince maɓallan nan a kan baƙin ƙyalle, ku ƙirga tare.

Gobe ki ɗauki takardar gwajin ki sake amsa tambayar bakteriyar a layi biyar ko shida, ba tare da "sun saba" ko "sun koya" ko "don su tsira" sun fito a ciki ba. Ki kai wa malamin da tsohuwar da sabuwar, ki ce masa, "Malam, a duba min ko yanzu na kama hanya." Matambayi ba ya ɓata, kuma malami yana jin daɗin ɗalibin da ya dawo da gyara. Sati biyu na farko ki ba zaɓin yanayi da lissafin Hardy da Weinberg, na uku samuwar jinsi, na huɗu muhalli, na ƙarshe tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanki. Kowane dare ki rufe littafi ki ba wani labarin misali ɗaya da bakinki, da Hausa, har ya gane. Inda harshenki ya sarƙe, nan za ki buɗe da safe.

Ga tambaya ɗaya ki aiko min da amsarta kafin jarrabawar: an shekara da shekaru ana fesa maganin sauro iri ɗaya a wani yanki, yanzu sauron ba ya mutuwa. Me ya faru? Allah ya ba da sa'a, 'yata.